Karsanar Habbanaye

Babana manomin albasa ne a fadamar Wurno, kuma duk wanda ya ga yadda yake riƙe igiyar saniya ya san ba a cikin shanu aka haife shi ba. Da girmansa ya shiga harkar. Tun da aka datse ruwa a Goronyo noman rani ya kankama, albasa ta fara barin ɗan abu a hannu, sai ya riƙa sayen maraƙi bana, karsana baɗi, har ya tara abin da shi yake kira garke, Fulani kuwa su yi murmushi. A wurinsa dai duniya ce guda. Da safe kafin ya leƙa mu 'ya'yansa sai ya leƙa su. Mun sha yi masa ƙorafi a kan haka, bai taɓa musantawa ba.

Wanda ya koya masa shanu amininsa ne, wani Bafillace daga wajen Rabah da muke kira Baffa. Tun suna samari suke tare. Ban tuna ranar kasuwar Achida da ta wuce ba su zauna a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, da ƙwaryar fura ɗaya a tsakaninsu ba. Rabin zaman nasu tsiya ce. Baffa ya ce Baba ko da turare ya yi wanka albasa yake wari, Baba ya ce Baffa ya fi sanin kakannin shanunsa a kan nasa kakannin. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Achida. In an tashi sai in biyo ta wurinsu in gaishe su, su haɗa kai su yi wa babur ɗina mai hayaƙi dariya, in sha furarsu in wuce.

Wata kaka Baffa ya iso gidanmu a ƙafa, yana janye da karsana. Fara ce tas, bokolo, ƙahonta ɗan tsiro kawai. Ya ɗaure ta a turke da hannunsa, ya karkaɗe riga, ya dubi Baba.

"Ga ta nan. Habbanaye ta. Kak ka ba ta albasa, ba ta saba ba."

Habbanaye aro ne da Fulani ke yi wa junansu. Ka ba mutum karsana ya riƙe, ta haihu a hannunsa, ya sha nono, ɗan ya zama nasa, uwar ta koma wa mai ita bayan yaye. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko duka ba a son a yi mata. Ba a kuma mayar da ita kafin ta haihu, don wannan daidai yake da ka ce wa mutum riƙe zumuncinka, ba na so. Ba kasafai ake ba wanda ba Bafillace ba. Baffa ya ce wannan daga tsatson shanun mahaifinsa take, ɗansa ne ya dawo da ita daga arewa, can tsallaken iyaka inda suka yi damina, kuma da ƙaramin ciki ta zo.

Baba ya matso kusa da karsanar. Ya shafa wuyanta, ya koma ya shafa, ya ce a kawo wa Baffa ruwa alhali ruwan na hannun Baffa. Bayan baƙon ya tafi ya yi ta kiran maƙwabta su zo su gani, har wani ya tambaye shi ko amarya aka kawo masa.

Ba ta daɗe da zuwa ba ta yi ɗan tari na kwanaki, ta warke. Ba wanda ya sa abin a rai. Sai da rani ya yi nisa jan bijimin da ke ja mana amalanke ya daina cin abinci. Ya tsaya a turke ya buɗe ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, yana nishi kamar tsohon da ya hau tudu da kaya. In an taɓa haƙarƙarinsa sai ya yi gurnani. Da muka ga zai tafi a banza aka kira mahauci. Ina tsaye ya buɗe ƙirjin, wani ruwa rawaya ya kwaranyo har kan takalmina. Huhun ya yi tauri, ya manne da haƙarƙari, da aka tsaga shi kuwa cikinsa jirwaye ne, ja da fari da baƙi.

Mahaucin ya goge wuƙa a cinyarsa ya ce, "Alhaji, ciwon huhu na. Wace baƙuwa tash shigo muku kwanan ga?"

Duk muka juya muka dubi farar karsana, tana can tana tuƙa abinta.

Gaskiya ita ce ciwon yana da wata ƙofar. Ruwan dam ɗin da ya ba Baba albasa shi ne ya cinye burtalai. Inda da shanu ke bi su sauka kogi ta wurare da yawa, yanzu shinkafa ce da albasa da tumatir har bakin ruwa, sai aka bar musu 'yar mashaya guda a yankinmu. Namu, da na Fulanin da ke haurawa Goronyo cin rani, da na fatake masu zuwa kasuwa, duk a nan suke cusa hanci wuri ɗaya, suna huci a fuskar juna. Ciwon huhu kuwa ta numfashi yake bi. Kowa ya san wannan. Amma mashaya ba ta da fuska, ba a iya jin haushinta, karsana kuwa ga ta a turke.

Inna ce ta fara faɗa a fili, tana tankaɗe, ba ta ma ɗago ba.

"Ni dai tarin farko da nij ji cikin gidan ga, daga bakin wagga farar nij ji shi."

Baba ya daka mata tsawa, abin da ba ya yi. Washegari kuma ya kwance karsanar da kansa ya kai ta bayan rumbu, gindin tsamiya, nesa da sauran.

Labari ya kai Rabah, Baffa ya zo. Ya duba shanun ɗaya bayan ɗaya, yana sa kunne a haƙarƙarinsu. Fulani suna da nasu rigakafin tun kaka da kakanni. Sukan yanki huhun wadda ta mutu, su jiƙa a nono, su tsaga fatar karan hancin masu lafiya su cusa ɗan guntu. Wasu kan kumbura su mutu, da yawa kan tsira. Baffa ya naɗe hannun riga.

"Kawo nono da wuƙa mu yi musu tun ba su ƙare ba."

Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Bari dai mu ji ta likita."

Tun da nake ban taɓa jin Baffa ya faɗi magana a kan shanu Baba ya ce a jira wani ba. Baffa ya sauke hannun rigarsa a hankali. Sai a lokacin ya lura turken tasa babu kowa. Ya zagaya bayan rumbu, muna biye.

"Ka raba ta da sauran," in ji shi.

"Inuwa ta hi yawa nan."

Baffa ya ɗaga kai ya dubi tsamiyar, wadda rani ya gama zubar wa ganye. "Haka na," ya ce. "Inuwa ta hi yawa." Ya sha ruwa, ya yi sallama. Abincin da Inna ta ɗora dominsa mu muka ci.

Likitar dabbobin da ke kula da yankinmu a lokacin wata Kirista ce daga kudancin Kaduna, gajera, mai saurin magana, ba ta tsoron ƙaho ko miskala. Motar ofishinsu ta fi zama a gareji a kan hanya, don haka ni na ɗauko ta a babur, da kularta mai ƙanƙara a kan cinya. Ta yi wa masu lafiya allura. Ta ce waɗanda suka kamu sosai a yanka, kada a ɓata kuɗi a kan magungunan kasuwa. Da aka kai ta bayan rumbu aka ba ta labarin tarin, sai ta juyo wajen Baba.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Wadda ta yi ciwon nan ta warke, wani lokaci cutar na nan a ƙunshe a cikin huhunta, tana lafiya tana rabawa. Ban ce ita ce ba. Amma da tawa ce, ko in yanka ko in mayar wa mai ita."

"Ba ni iya ko guda, ɗiyata," in ji Baba.

Ta dube ni, na yi mata bayanin habbanaye. Ta ce to, a bar ta a nan, kada ta sha ruwa ɗaya da kowa.

A kan hanyar mayar da ita ne na tambaye ta abin da take zubawa a 'yan kwalabe tana sawa a ƙanƙara. Ta ce ruwan ƙirji ne da guntayen huhu. Tana tarawa daga mahautan Wurno da Rabah da Goronyo, ana aikawa wani ɗakin bincike mai nisa. A can sai su raini ƙwayar cutar har ta yi yawa, sannan su karanta abin da ta gada a jikinta, don ƙwayoyin cuta ma suna da dangi da zuriya. Na wani yanki kan bambanta da na wani. Da haka ake bin sawun ciwo, a san ta inda yake shigowa ƙasa.

Na kusa sakin kan babur. Na ce, to ashe in ta arewa daban ce da ta mashayarmu, za a san wadda ta kashe mana shanu.

"Watakila," in ji ta, tana ɗaga murya saboda iska. "Watakila kuma a'a. Ba don shari'a ake yin aikin ba, malam."

Ni malamin lissafi ne, ina son abin da ke da amsa a ƙarshen layi. Da na dawo gida na zayyana wa Baba komai, har da zane a ƙasa. Na faɗi watakilar, amma ban ja ta da tsawo ba. Baba ya saurara har na gama, sannan ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya.

"To madalla. In anka gane, sai in san da wace huska za ni Rabah."

Na ɗauka maganar makonni ce.

Kafin a aika kwalaben, likita ta ce tana son na garken Baffa da ya yi damina a arewa, kuma mun ji ciwon ya faɗa wa shanunsa su ma. Na sake ɗaukar ta muka tafi. Mun iske an yanka wata saniya ana feɗewa, Baffa na tsugune gefe da sandarsa. Ya tarbe mu, ya sa aka kawo kindirmo. Likita ta shiga aikinta. Shi kuwa ya zuba wa kular ido.

"Wagga ƙanƙara ina za ta?"

Na fara bayanin dangi da zuriya, da ƙwayar arewa da ta kogi. Ina tsakiyar magana na ji yadda take fita a kunnensa, na so in haɗiye ta, ba hali.

"Wato in an duba," in ji shi, "za a san ko tawa ta tak kai ciwo gidanku."

"Ba don haka aka yi ba, Baffa. Ko'ina aka ɗiba, har Goronyo."

"Na ji. Amma babanka yana jiran amsa."

Na mayar da ido kan saniyar da ake feɗewa. Ya gyaɗa kai, ya juya wajen likita da fara'arsa, ya ce, "Ɗiyata, ki ɗibi da yawa. Kak ku je can ku ce bai isa ba."

Na sha zagi a rayuwata, na rama da yawa. Ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar wannan ladabin ba.

Daga nan Baba ya daina zuwa kasuwar Achida. Farko ya ce ƙafa ke damunsa, daga baya ya ce aikin fadama, daga baya ya daina ba da dalili, sai ya ɗora mini buhunan albasa in kai wa dillali. Nakan hango Baffa a bakin kara a wurin da suka saba. In je in durƙusa in gaishe shi, ya ce, "Baban naka lahiya?" in ce lafiya lau, ya ce a gaishe shi. Bai taɓa tambayar me ya hana shi zuwa ba. In na isar da gaisuwar Baba ya ce yana amsawa, ya tambaye ni ko Baffa ya rame.

Shanunmu suka yi ta tafiya. Mahaucin nan ya san hanyar gidanmu har karenmu ya daina yi masa haushi. Wata mai nono da Inna ke ji da ita ta faɗi da rana tsaka kafin a iso da wuƙa, aka ja ta da igiya zuwa bayan gari, Inna ta shige ɗaki ba ta fito ba sai la'asar. Cikin 'yan watanni abin da Baba ya tara a shekaru ya koma 'yan ƙalilan, su ma ƙashi da fata.

Farar kuwa sai ƙiba take, ciki na girma. Abin da ya fi ba ni haushi kuma ya fi ba ni tausayi shi ne Baba bai bar wa kowa hidimarta ba. Shi ke jawo mata ruwa daga rijiya a bokitinta daban. Harawar da ta fi kyau ita ake ba. Yana cire mata kaska da yatsunsa, yana share mata wuri safe da yamma, don amana ce. Amma da, in yana cikin shanu surutu yake yi musu kamar mutane. Ita wannan ko kalma ba ya ce mata. Ya ajiye ruwa, ya tsaya ya dube ta, ya juya.

Na riƙa bin likita kamar ita ce ke riƙe da numfashina. Yau ta ce ƙwayar tana da wuyar raino, wasu kwalaben ma sun lalace a hanya. Gobe ta ce babu wuta a can, ko maganin aikin ya ƙare ana jiran a kawo daga waje. Ta gaji da ni har in ta hango hayaƙin babur ɗina sai ta fara girgiza kai tun daga nesa.

Damina ta sauka, karsana ta haifi maraƙa, fara kamar uwarta. A al'ada ranar nan ya kamata a tashi ɗan aike zuwa Rabah da goro. Ba a tashi kowa ba. A lokacin Baffa ma ya daina zuwa Achida, muna jin garkensa na zubewa kamar ganye.

Wata rana na kasa haƙuri. Muna cikin gona, na jefar da fartanya na ce, "Baba, don Allah hau babur in kai ka. Mutumen ga shanunai na ƙarewa, kai kana nan kana jiran kwalba!"

Na zaci zai zage ni. Sai ya dogara da ƙotar fartanyarsa ya ce, "In tahi in ce mi? In na yi mashi dariya awa da, ƙarya ta, don abin na nan cikin raina. In ban yi ba, ya gane. Shi ba a ɓoye mashi ciwo, ko na dabba ko na mutum. Bari in tahi da zuciya guda."

Na ce zuciya guda ba a kwalba take ba. Ya ce in ɗauki fartanyata.

Na yi fushi da shi sosai a watannin nan, har abinci na daina ci tare da shi. Yanzu da na kai shekarunsa na lokacin, fushin ya tafi, tausayi ya rage. Mutum ne da bai iya fuska biyu ba, kuma ya ɗauka gaskiya ita ce kada ya je sai ya wanke ransa tas. Bai san mai jira a ɗaya gefen ma yana lissafin nasa ba.

Sai da wani ranin ya zagayo, maraƙa ta isa yaye, sannan likita ta zo da kanta, ba ni na ɗauko ta ba. Aka shimfiɗa mata tabarma a zaure. Ta gaida Baba ta yi masa jaje, sannan ta ce sakamako ya fito.

"Baba, duk iri ɗaya ne. Na shanunka, da na Rabah, da na mahautar Goronyo, har da waɗanda aka samo can tsallaken iyaka. Zuriya guda ce ta game yankin nan duka, kuma da alama ta daɗe tana yawo."

"To wa yaf fara?" in ji Baba.

"Ba ya nuna wannan. Kamar tsagar fuska ce. Za ta gaya maka mutanen nan 'yan gida ɗaya ne, amma ba za ta gaya maka wanda ya riga shiga ɗaki ba."

"Ke nan ana iya cewa ita ta."

"Ana iya cewa."

"Ana kuma iya cewa mashaya ta."

"Ƙwarai kuwa. Su masu binciken sun ji daɗin sakamakon, don ya nuna rigakafin sai an haɗa kai har da maƙwabta. Amma tambayarka, Baba, ba mai amsa ta."

Baba ya yi mata godiya, ya sa aka cika mata buhu da albasa. Bayan ta tafi ya daɗe zaune yana kallon ƙofar zaure. Sannan ya ce in nemo akori-kura, gobe za mu mayar wa Baffa saniyarsa.

Mun isa da hantsi, uwa da 'ya a bayan mota. Na san rugar Baffa da hayaniya, kukan maruƙa da ƙarar ƙwarya da ƙudaje. Ranar nan har kukan kurciya muna ji. Dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa, tana miƙe a ƙasa tsakanin turakunta, madaukanta duk a buɗe. 'Ya'yansa sun watse, wani gadi a Sakkwato, wani kiwon shanun wani attajiri. Baffa ya fito daga bukka, ya tsufa fiye da yadda watanni ke tsufar da mutum.

Suka gaisa, doguwar gaisuwa, gida da iyali da gajiya da zafi. Aka sauke shanun. Baffa ya zagaya farar, ya duba haƙoranta, ya shafa bayanta, ya ga ko kaska guda babu. Daga garken mahaifinsa duka, ita kaɗai ta rage a duniya, kuma abin da ya tsirar da ita shi ne zaman bayan rumbu.

"Ka riƙe ta da kyau," ya ce.

Muka zauna. Baba ya yi gyaran murya ya fi a ƙirga, sannan ya ce, "Amsa ta zo. Sun ce ba a ganewa. Ciwon guda na ko'ina. Ba mai cewa ita ta."

Ya faɗe ta kamar wanda ya kawo albishir, yana duban fuskar amininsa. Baffa ya ɗan tona ƙasa da sandarsa.

"To, Alhamdu lillahi," ya ce. "Da an ce ita ta fa? Mi za ka yi?"

Baba ya buɗe baki. Na ga yana nema, da gaske yake nema, don ba zai faɗi abin da bai tabbata ba. Na roƙi Allah a raina Baba ya ce ba komai, ko da ƙarya ce, sau ɗaya a rayuwarsa. Shirun ya yi tsawo har ya zama amsa. Baffa bai matsa ba. Ya kira matarsa ta kawo mana ruwa, ya ba da haƙuri babu nono.

Da za mu tashi Baba ya kama igiyar maraƙar ya miƙa masa.

"Riƙe ɗiyar ma. Ka fara da su biyu."

"Ɗiyar taka ta," in ji Baffa. "Habbanaye nib ba ka, ban zo bara ba."

Shi da kansa ya ɗaga ta ya sa a mota, ya gyara mata ɗauri don kada ta shaƙe. Ya yi mana addu'ar sauka lafiya. Har muka hau kwalta maraƙar na kuka, Baba na zaune a baya tare da ita cikin rana, ya ƙi shigowa gaba.

Ba su yi faɗa ba, wannan nake so a gane. Sun rayu shekaru bayan haka. In sun haɗu a wurin suna ko ta'aziyya sukan yi musabaha, su dafa ƙirji, su tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma cikin mutanensa. Wanda bai san da ba zai ce ga dattawa biyu masu mutunta juna. Ni da na san da, na gwammace in kauce in na ga za su gaisa, don abin na ci mini rai.

Baffa ya riga Baba tafiya. Aka aiko da safe, na ɗauki Baba a babur, muka iske an gama wanka an yi sutura. Bayan salla aka ɗauki makara, muka bi. A bakin kabari liman ya ce na kusa da shi su matso su kama. Ina gefen Baba, kafaɗata na taɓa tasa. Na ji ya ɗaga ƙafa, na ji ya mayar da ita. Babu wanda ya hana shi, babu kuma wanda ya waiwayo ya neme shi. Ɗan Baffa da wasu mutum biyu da ban taɓa gani ba suka sauka suka karɓe shi. Mu muka tsaya a baya cikin 'yan rakiya har aka gama rufewa.